Zanen da Na Ƙi Gogewa

Tudun Wada, Minna.

Kawu Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Yaya Inna Rabi da yara, da zaman Kumasi? Mu nan lafiya lau.

Kawu, na kare kundin digirina, kuma na haye! Aikin a kan wani tauraro ne mai juyawa, wanda yake zuƙar gas mai tsananin zafi daga maƙwabcinsa, yana fitar da haske irin na hoton asibiti. A zanena, hasken yana hawa da sauka ba tsari. Abokan karatuna suka ce in goge wuraren da ya yi tsalle, kada a kayar da ni. Na sake lissafin sau uku, na bar shi haka.

Malamin da aka gayyato ya jarraba mu ya ɗora yatsa daidai wurin, ya ce, "Me ya hana ka gogewa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, haka na'urar ta auna."

Ya yi dariya. "Tafasar gas ɗin ce wannan. Da ka goge ta, da ainihin aikin ka goge."

A taya ni addu'a, don hankalina ba zai kwanta ba sai na ga sakamakon a rubuce. A gaida kowa.

Ɗanka,
Bashir