Abin da Lallenki Ya Rufe

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya da uwa, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa kina cikin rahama. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko kina da rai ma ba karantawa za ki yi ba, miƙa wa ƙanwata Bilki za ki yi, ki ce ta duba abin da waccan ta rubuto. To, waccan ɗin ce, ɗiyarki ta fari, wadda kika yi shekara arba'in da shida ba ki kama sunanta ba. Yau ina da magana, kuma babu labulen da za ki shige bayansa.

Gida lafiya. Kawu Sani ya sa an tayar da katangar da damina ta ci. Autarki Bilki ta haihu a Funtuwa, mace, kuma tun kafin suna ta fara kawar da kai idan an miƙo mata jaririyar a gaban mutane. Mata sai yabonta suke yi wai ta gado kunyarki. Ni ban yaba ba, tashi na yi na bar ɗakin. Randarki tana nan inda kika bar ta, da jiƙaƙƙen yashin da muke binne kwalbar insulin, maganin sugan nan naki, a ciki saboda rashin wutar lantarki. Ban bari kowa ya taɓa ta ba.

Amma na taɓa kwanukanki. Ranar da muke rabon kaya na jawo samirar nan ta ƙarƙashin gado, na buɗe, na tarar da allurai tara cike da maganinsu, an jera su cikin tsumma. Allurar da nake zuƙa da hannuna kowace safiya kafin in wuce asibiti, in miƙa miki ta bayan labule, in tsaya a tsakar gida ina jira ki yi wa kanki. Kina fitowa ki ce an gama, ni kuma in ɗauki jakata in tafi da farin ciki. Inna, me ya sa? Idonki ne ya daina ganin tsinin allurar? Hannunki ne yake rawa? Da kin faɗa mini. Ko kuwa faɗar ce ta fi ciwon nauyi?

Shekara ashirin ina aikin jinya. Rabinsu a ɗakin masu ciwon suga na yi su. Babu irin ƙafar da ban ɗora a cinyata ba: ta manomi, ta ɗan achaba, ta Hajiyoyin GRA masu ƙamshin turare. Ni nake tsayawa ranar asibitinsu ina ta surutu har muryata ta dishe, cewa wannan ciwo yana kashe jin ƙafa a hankali, mutum ya taka ƙusa bai sani ba. A duba tafin ƙafa kullum, a duba tsakanin yatsu, kada a yi yawo ba takalmi, kada a kusanci wuta. Matan ƙauye da ba su san ni ba suna ɗaga mini riga in nuna musu inda ake soka allura a ciki, yau nan, gobe can, don kada wurin ya yi gudaji. Ke kuwa da na fito daga cikinki ban taɓa ganin cibiyarki ba. Idan na shigo kina miƙe da ƙafa, sai ki ja zane ki rufe kamar baƙo ne ya yi sallama.

Don haka na koya wa Bilki. Na sayo lemu, ta yi ta sokarsa har hannunta ya faɗa. Ita auta ce, ita ake wasa da dariya da ita, ita ke ganin jikinki. Shekara shida tana yi miki allura, tana yanke miki farce, ni ina tsaye a bakin ƙofa ina ba da umarni kamar mai gadi. Na haƙura, na ce tunda aikin yana tafiya ba sai da hannuna ba. Ban yi tunanin ranar da za a kai Bilki ɗakin miji ba, ke ma na san ba ki yi ba.

Bikin nata ne ya jawo ƙunshin. Kin ce uwar amarya ba ta fita da farar ƙafa. Sau uku kika maimaita lallen don ya yi baƙi, kuma daga baya Gwaggo Asabe, wadda ta ƙunsa miki, ta gaya mini kowane karo sai kin kara ƙafar a kaskon wuta don ya kama da kyau. Ta ce har tana mamakin juriyarki, ita tuni ta janye tata. Ba juriya ba ce, Inna, ƙafar ce ba ta ji. Babban yatsanki ya ƙone a ƙarƙashin lallen, ya tashi, ya fashe, ya fara mutuwa, kuma baƙinsa da baƙin lalle suka zama ɗaya. Kowa ya gani a wurin biki sai ya ce ƙunshi ya yi kyau. Ni ma daga nesa na hango, na ce ya yi kyau.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Bayan biki da mako uku, wata Talata da safe, na shigo ɗakinki na tarar kin cika shi da turaren wuta har ido na yaji. A ƙarƙashin turaren na ji warin. Na san warin nan kamar yadda na san sunana, da shi nake wuni a wurin aiki. Na tsaya da allura a hannu, na dubi zanen da kika rufe ƙafarki da shi. Taku biyu ne tsakanina da ke. Da wata ce a gadon asibiti, da tuni na yaye zanen, ta yi fushinta ta gama. Amma ke ce. Kika ɗago kika dube ni, irin duban nan naki, sai na ji na koma yarinyar da aka kai wa kaka goyo tun tana shekara biyu, wadda ba ta zama kusa da ke. Na tambaye ki ko lafiya, kika ce lafiya lau. Na miƙa miki allurar na fita. Kwana huɗu ina zuwa ina jin warin yana ƙaruwa, ina gaya wa kaina gobe zan yi magana. A na biyar zazzaɓi ya kayar da ke, aka ɗauke ki ba ki san inda kike ba.

Sai a lokacin na ga ƙafar uwata, a kan gadon ɗakin da nake aiki, tare da likita da ɗalibai uku. Ruɓar ta wuce idon sawu. Suga ya hau inda na'urarmu ba ta iya karantawa, ƙoda kuma ta riga ta gaji. Aka yanke ƙafar, bai hana ba. Kuma ko a kwana goma sha ɗayan da kika yi a nan, idan abokiyar aikina ta zo wanke ciwon sai ki saki jiki, har ki sa mata albarka da sunanta. Idan ni ce na turo keken kayan wanki, sai ki juya fuska bango. Kin san yadda hakan yake a zuciya? Kin taɓa tambayar kanki?

Masu ta'aziyya sun ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, ban ja da hukuncin Allah ba. Sun ce kunyarki ado ce, irin ta matan da. Nan ne ban yarda ba. Ina jin haushinki, Inna, ban taɓa faɗa ba sai yau. Ina jin haushin Gwaggo Asabe da kaskonta, da matan da ke yabon Bilki. Wanda ya fi duka shi ne nawa, don ke ba ki san abin da warin yake nufi ba, ni na sani. Na san kuma kina so na. Bilki ta ce duk ranar da na makara sai kin aike ta bakin titi ta duba ko waccan ta taho. Me zai ragu a jikinki da kin bari na ji da kunnena?

Saura labari ɗaya. Watan jiya aka gwada ni, aka sami sugan. Ban yi mamaki ba. Abin da ya ba ni tsoro shi ne da na koma gidana a unguwar Kambarawa, takwararki Ummi, ɗiyata ta fari, ta shigo ina zaune, sai na ga hannuna ya ja zane ya rufe ƙafata. Ban sa shi ba, da kansa ya yi. Shekararta ashirin da biyu, kuma da na lissafa, ni ma ban taɓa zama na yi hira da ita kamar yadda nake yi da ƙannenta ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kira ta. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda haske yake, na zauna, na ɗora ƙafafuna biyu a cinyarta. Ta rasa inda za ta sa idonta, ni ma haka. Na nuna mata yadda ake buɗa yatsu ɗaya bayan ɗaya, da inda ake dannawa, da irin launin da in ta gani kada ta jira izinina. Ta gano wani ɗan faso a diddigena na hagu wanda ni ban san da shi ba. Ta wanke, ta shafa man kaɗanya. Na ce mata duk Juma'a haka za mu yi, kuma ranar da na ja zane, ta yaye.

Ki yafe mini kwana huɗun nan, Inna. Ni ina ƙoƙarin yafe miki allurai tara, ban gama ba tukuna. Allah Ya jiƙanki, Ya haɗa mu a inda babu ciwo.

Na bar ki lafiya.

Ɗiyarki ta fari,
sunana Hadiza.