Shekara guda ina ce wa aminina Tsohuwa tana ci

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da war haka. Admin don girman Allah a sakaya sunana, masu wasan nan a yankinmu ba mu da yawa, kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, abin ranar Asabar ɗin nan ne, ni kuma kaina ya ƙulle.

Kafin malaman zaure su gyara zama su fara min wa'azi, katin da zan yi magana a kai ba na caca ba ne, ko sisi ba a sakawa. Irin katin nan ne mai hoto da rubutu, kowa yana tara nasa, ya zaɓi guda sittin ya haɗa abin da ake kira dek, sai ku zauna ku biyu a ga dabarar wa ta fi. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya koya mana a Bakura shekarun baya, da zai tafi ya bar mana kwali biyu. Yanzu akwai tim a Mafara, akwai a Bakura, akwai a Maradun, muna haɗuwa mu yi gasa. Ni a Mafara nake, gyaran waya nake yi.

Ina da amini tun firamare, bari in ce masa Murtala. Shi ne mai kai, ni ɗan bi ne kawai. Shi ya haɗa dek ɗin da muke ce wa Tsohuwa. Duk sirrinta kati uku ne, ya laƙaba musu Rijiya da Guga da Igiya. Kowanne shi kaɗai bai da wani amfani, amma in ukun suka sauka a tebur tare, sai ka yi ta jan kati ba tsayawa har ka gama da mutum yana zaune yana kallonka. Aibinta ɗaya, tana da nawa, sai an yi zagaye shida ko bakwai kafin su haɗu. A lokacin ba komai ba ne, duk dek haka suke. Shekara huɗu Murtala yana wanke mutane da ita yana musu dariya.

Bara lokacin cirar albasa ya faɗi da mashin a hanyar Janbako, ya bugu a wuya, ɓarin jikinsa na dama ya saki. Da aka sallamo shi aka kai shi gidan mahaifiyarsa a Bakura, Inna muke ce mata. Ranar da na fara zuwa, ya sa aka ɗauko gwangwanin da yake ajiye Tsohuwa aka miƙa min, ya ce in riƙa bugawa da ita, kar ta kwanta don shi ya kwanta. Na karɓa ina hawaye, na yi masa alƙawari.

Ko wata biyu ba a yi ba aka fara kawo sababbin kati daga Kano. Jama'a, katin nan ba su da imani. Wasu a zagaye na huɗu sun gama da kai, wani kuma leƙa hannunka yake yi ya zare wanda ya ga dama, kuma kowa ya san Igiya zai zare, don duk yankin nan ba wanda bai haddace Tsohuwa ba. Na sha kashi har na daina jin kunya. Yaran da Murtala ya koya wa riƙon kati su ne ke tambayata ko in kawo musu ita su ajiye ta tarihi. Ƙarshe kyaftin ɗinmu Sanusi ya haɗa min sabon dek, na fara ci, Tsohuwa kuma na tura ta cikin durowar shago ƙarƙashin matattun caja.

To ga inda na jawo wa kaina. Duk Juma'a bayan masallaci nake zuwa dubiya. Kun san yadda muke, ba a kai wa mara lafiya labarin da zai karya masa zuciya, ko rasuwa aka yi a dangi ɓoye masa ake yi sai ya ji ƙarfi. Inna ma tun a zaure take ja min kunne, ta ce ɗan nan ban da magana mai nauyi. Shi kuwa da mun gama gaisawa, na ce ya jiki ya ce da sauƙi, tambayarsa ta farko ita ce ya Tsohuwa. Ranar farko da ya tambaya, bakina ya ce ta ci kafin in yi tunani. Wallahi dariya ya yi, ta farko tun faɗuwarsa, har Inna ta baro tukunya ta leƙo. Ranar ya cinye tuwonsa tas.

Daga nan ban iya tsayawa ba. A kan mashin tsakanin Mafara da Bakura nake tsara wasan da ba a yi ba, wa na buga da shi, a zagaye na nawa Guga ya fito, yadda fuskar mutumin ta koma. Babbar wayarsa ta fashe a hatsarin, ƙarama yake riƙewa, ba ya ganin komai a zaurenmu na masu kati. 'Yan wasan da ke zuwa duba shi ma na roƙe su, suka bi ni a kai. Shekara guda ke nan Tsohuwa ba ta faɗi ko sau ɗaya ba a ɗakin Murtala.

Yanzu Alhamdulillahi ya fara takawa da sanda. Asabar ɗin nan za a yi gasa a nan Mafara, tim ɗin da ya ci shi zai je babbar gasa a Kano. Wani cikin 'yan Bakura ya yi suɓul da baka ya faɗa masa ranar, Murtala kuwa ya ce ƙafarsa ƙafata. Inna har ta nemo masa motar wani ɗan'uwansu, ta wanke masa farar shaddarsa.

Na je wajen Sanusi na ce ya bar ni in buga da Tsohuwa wannan karon kaɗai. Muka yi kaca-kaca. Ya ce mu uku ne a tim, shekara guda suna shiri, ba zai zubar da wahalar mutane don ƙaryar da ni na ƙirƙira ba, in na nace akwai mai maye gurbina. Na ce masa ba shi da tausayi, ya ce ai shi ma sau uku ya zauna gaban Murtala yana gyaɗa kai saboda ni. Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Da ya huce muka zauna a shago muka gwada ta da dek ɗinsa wuni guda, sau biyu kacal ukun suka haɗu. Na ƙara mata katin kariya ta ƙara nawa, na rage mata kaya ta zama ba ita ba.

Juma'ar da ta wuce na tafi da niyyar in faɗa masa gaskiya, har na haddace yadda zan fara. Ina zama ya ce in tsaya in ga wani abu. Ya jawo wani guntun kwali da aka yanka daidai girman kati, ya sa hannunsa na dama, wanda ko cokali bai iya riƙewa, ya ɗaga shi da yatsa biyu. Hannun yana rawa, gumi ya keto masa, amma ya kai shi har tsakiyar tabarma ya ajiye. Inna ta ce wata biyu ke nan kullum da safe abin da yake yi ke nan.

Ya dube ni ya ce, "Aboki, ran Assabar in Rijiya da Guga sun sauka, kak ka aje Igiya. Ka kira ni. Ni za ni aje ta da hannuna."

Na ce masa to.

Masana wasan nan, akwai wata dabara da tsohon haɗi irin wannan zai tsira a gaban sababbin kati, ko sau ɗaya ne yana kallo? In babu, in fito da ita a karkashe ta a gabansa, Sanusi ya cire ni? Ko in fito da sabon dek ya gane shekara guda ina masa ƙarya? Ko in koma Bakura gobe in zauna kan tabarmar nan, kusa da guntun kwalinsa, in faɗa masa? Kwana uku suka rage, Inna ta riga ta goge shaddar. Ya zan yi?