Akwatin Da Na Kwance

Daren Lahadi, unguwar Ka'akiyya, Makka

Ranar da mijina, Yaya Nura, ya samu aikin tuƙa motar ma'aikata a tashar nukiliyar da ake ginawa a ƙasar Imarat, na ɗauka rayuwata ta zama irin ta littattafan da nake karantawa: gida kusa da teku, ni da mijina kawai. Tun makon jiya na haɗa akwatina zan bi shi.

Yau da la'asar aka ce masu yaƙi a Yaman sun harba makami kan tashar. Hukuma ta ƙaryata. Na yi ta kiransa, wayar ba ta shiga. Umma, surukata, ta kalli cikina ta ce, "Ya binti, 'yata, an ce gubar wurin ba ta da launi, ba ta da wari, kuma har ɗan da ke ciki take samu." Sai na tsinci kaina ina rufe tagogi, ina lulluɓe jarkar zamzam da mayafina, kamar iskar za ta iso Makka yanzu.

Bayan isha ya kira yana dariya. "Halas, ya isa haka, Amarya, ba a ma kunna tashar ba. Ko tsuntsu bai faɗo ba."

Na ce, "In an kunna fa?"

Sai ya ce in kwanta, dare ya yi.

A littattafai mace tana bin mijinta ko'ina, amma ban taɓa karanta wadda ta kai jaririnta irin wurin nan ba. Na kwance akwatin. A nan zan haihu, kuma da asuba zan faɗa masa.