Fuskar Uwarki a Kan Bencina

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ma da sauƙi, sai gwiwar nan da ta ƙi barina. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a jikin katako na koye shi, ban shiga aji ba.

Zanen da kika yi ya iso shago. Kin ce in yi masa firam kafin ranar da za a nuna shi, wai ba kya son kowa ya taɓa hoton marigayiya uwarki sai ni. Maganar ta yi mini daɗi, har zuwa lokacin da na kwance takardar da aka naɗe shi.

Auta, wace ce wannan? Ido biyu a gefe ɗaya, ga wani can kusa da kunne, hanci ya kalli gabas, haɓa ta nufi yamma, baki biyu, hannu uku. Shekara arba'in da ɗaya na zauna da matar nan, ko da ciwo ya gama cinye ta fuskarta ba ta rabu gida-gida haka ba. Da ni na haɗa wa mutum kujera haka, da ita zai jefe ni.

Bayanin da kika haɗo na karanta shi sau uku. Wai an daɗe ana zana mace daga inda namiji ya tsaya, ke kuwa kin zagaya uwarki kin ɗauko ta ta kowane gefe. Wato ni ne wanda ya tsaya wuri ɗaya. Na gode. Ni na yi jinyarta wata tara, ke sai satin ƙarshe muka gan ki, amma yau ke ce kika san ta.

Firam zan yi, tunda na ce zan yi. Ki gaida yara.

Babanki.

Auta,

Ina gaishe ki, da fatan kowa lafiya. Matar gidan nunin zanen ta kira sau biyu ban ɗauka ba. Gara ki ji daga bakina.

Na yanka zanen.

Kwana huɗu yana jingine yana kallona, na kasa aikin kowa. Ran Talata na kwantar da shi a benci, na sa sabuwar reza na bi layukan da kika ja. Yanki goma sha tara ya fita. Niyyata in gyara miki, kamar yadda nake gyara wa masu koyo ƙofar da ta karkace. Na jera su a kan falanki, ido inda ido yake, hanci a tsakiya. Da guda goma sha ɗaya fuska ta haɗu: baki a rufe, ido a ƙasa, yadda take tarbata in na dawo. Ita ce sak. Har na ce a raina, ga ta nan, me ya yi wahala?

Sai guda takwas suka rage. A sana'armu abin da ya rage sharewa ake yi. Na ɗauko tsintsiya na kasa sharewa. Akwai hannu riƙe da fensir, akwai ido mai kallon ƙofa, akwai baki a buɗe yana dariya har ana ganin wushiryarta.

Ina tsaye a kansu ƙanwar uwarki ta shigo karɓar kujerarta. Ko kallon fuskar da na haɗa ba ta yi ba. Bakin nan ta ɗauka, ta fashe da kuka. Ta ce haka yayarta take dariya in na tafi shago, har maƙwabta na jiyowa, da ta ji ƙarar kekena a ƙofar gida sai ta haɗiye. Ta ce uwarki ce ta fara koya miki zane a bayan tsohuwar kalanda, kuna ɓoyewa don na ce aikin banza ne. Na ce ta ɗauki kujerarta ta ba ni wuri. Amma ban ce ƙarya take yi ba.

Ban taɓa ɗaga mata hannu ba, Auta, ke shaida ce. Ina son gida shiru ne kawai. Ban san abin da take kashewa ta ba ni shirun ba.

Na gwada mayar da shi yadda kika yi, fentin bakin kowane yanki ya farfashe, ya ƙi haɗuwa. Ba zai shiga nunin ba. Aikinki na shekara na lalata. Har yanzu ina ganin ba haka ake zana mutum ba, kuma ban iya roƙo ba, kin sani. In kin daina ɗaukar wayata ba zan ga laifinki ba.

Gobe zan aiko miki guda goma sha takwas. Bakin mai dariya ki bar mini shi. Ke kin ji dariyar, ni ban taɓa ji ba.

Allah ya yi miki albarka, ya jiƙanta.

Babanki.