Gaiwa a Busasshen Tafki

Zuwa ga Yaya Mamman,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya iyali? Mu nan Gure lafiya, sai dai fara ta cinye gero.

Ka tuna yadda marigayi Baba yake bubbuga busasshen tafki da sanda yana kasa kunne, muna masa dariya? Jiya yunwa ta sa na gwada. Inda ƙasa ta amsa kamar ganga na haƙa, sai ga kifin gaiwa cikin laka, da ransa! Uku na samu. Inna ta sha romo har ta nemi ƙari, ta ce, "Ashe Malam bai tafi da kunnensa ba."

Gobe zan koma. A sa mu a addu'a, a gaida yara.

Ƙaninka,
Abba