Saƙon Gwajina Ya Sa Dada Ta Ɗaure Kayan Komawa Gida

Hajiya Barakatu, don Allah ki taimake ni da shawara. Na ɗebo ruwan dafa kaina, kuma kunya ta hana ni faɗa wa kowa a gida.

Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Sabuwa, ba zan ambaci sunansa ba. Shekarun baya ɓarayin daji suka tashe mu, muka watse, wasu Faskari, wasu Ketare, mu kuma muka yada zango a Kankara. A nan na koyi aikin kwamfuta, har ƙungiyar mutanen ƙauyenmu ta damƙa mani shafinta na intanet. Muna da manhajar shirya taruka, inda ake saka suna ko ɗaurin aure ko taron coci, da rana da wuri. Ni na haɗa ɗan abin da ke ɗauko sanarwa daga manhajar ya kai ta shafin, fulogin muke ce masa. To amma wa ke buɗe shafi cikin mutanenmu? Yawancinsu ƙaramar waya gare su. Sai na ƙara masa aiki: duk taron da aka saka, ya tura saƙon tes ga lambobin 'yan ƙungiya.

Irin wannan aiki sai an gwada kafin a sake shi. Masu hankali kalmar gwaji kawai suke rubutawa su wuce. Ni kuwa tun ina ƙarama ake ce mani mai mafarkin ido biyu. Ranar da zan gwada an yi ruwa da la'asar, ƙamshin ƙasa ya shigo shagon da nake aiki, sai hankalina ya tafi gida. Na ga hanyar rafi, na ga kukar bakin gari, na ga rumbuna jere da sabbin jinkaye, har gangar noma na ji a kunnena. Kafin in farga na rubuta kalankuwar komawa gida, na sa mata rana bayan an yanke dawa, a dandalin ƙauyenmu. Na ce da safe za a yi gayyar gyaran ɗakuna, a yi addu'a a masallaci, 'yan coci su yi waƙa, da yamma samari su buga ganga. Na latsa ina murmushi, ina zaton wayata kaɗai zai shiga. Ashe ban raba lambar gwaji da lambobin ƙungiya ba.

Kin san mu, waya ɗaya ta unguwa ce. Saƙon da ya shiga wayar Mas'udu mai shayi a Faskari, a teburinsa aka karanta wa jama'a. An sanar bayan sallar Juma'a, ran Lahadi aka maimaita a coci. Talakawa sun ɗauka shugabanni sun sami tabbacin lafiya. Su kuma shugabannin, har da dattijonmu Baba Gide, kowa na zaton ɗan'uwansa ne ya ba da izini, kuma ba mai son tambaya kada a gane ba a yi shawara da shi ba. Na goge sanarwar daga shafin, amma ta riga ta shiga bakin mutane, kuma ban san kunnen wa ta kai ba.

Abin da ya fi karya mani zuciya kakata ce, Dada. Tun da muka baro gida ta zama shiru, kullum tana kwance fuskarta a bango. Yanzu ta miƙe. Ta wanke zannuwanta ta ɗaure, ta fito da irin geron da ta taho da shi a ƙulle, tana waƙa tana tsince shi. Kullum sai ta tambaye ni kasuwa nawa ta rage. Wallahi wani lokaci ni ma sai in ji kamar gaske ne, in ga motoci sun jeru, in gan ta a gaba tana nuna wa direba hanya. Sai in tuna dajin ɓarayin da hanyar ta ratsa.

Dawa ta fara nuna, Hajiya. In tura wani saƙon in ce kuskure ne, ko in yi shiru ko Allah zai kawo lafiya kafin ranar? Ina tsoron in na faɗa, Dada ta koma kwance ba ta ƙara tashi ba.

Mai Mafarkin Ido Biyu, Kankara

AMSA

Ɗiyata, aikinki dai ya ci jarrabawa, tunda ba wanda saƙon ya tsallake. Mafarkinki ma ba laifi ba ne, duk wanda aka raba da gida yana yin irinsa. Na kuma yarda farin cikin Dada ba ƙaramin abu ba ne. Amma shiru ba zai tsaya a shiru ba, a kan hanyar daji zai ƙare, da mata da tsofaffi cikin mota, a ranar da kowa ya riga ya sani. Wannan kam ba za ki iya ɗauka ba.

Kada ki fara da tura wani saƙo. Magana zarar bunu ce, waya ba za ta mayar da ita ba. Yau ɗin nan ki je wurin Baba Gide ki durƙusa ki faɗa masa komai. Zai yi faɗa, ki haɗiye, ina kyautata zaton shi ma zai ji an sauke masa kaya. Shi da liman da fasto za su warware sanarwar a inda aka yi ta. Ki kuma nuna masu abin da gwajinki ya bankaɗo: mutanenku na ƙishirwar ganin juna. In sun amince, bayan shawara da jami'an tsaro, a yi kalankuwar a cikin garin Kankara.

Game da aikin, ki ware lambobin gwaji daban, ki gyara shi yadda saƙo ba zai fita ba sai wani shugaba ya amince, kuma ki daina sa rana da wuri a shafin da kowa ke gani. Gwaji na gaba, ki rubuta abin da ba zai sa kowa ɗaure kaya ba.

Dada kuwa, kada ta ji a bakin kowa sai naki. Ki zauna kusa da ita, ki ce mata ke kika rubuta, kuma kewar gida ce ta sa. Ba zan yi maki alkawarin ba za ta yi kuka ba. Amma yanzu tana zaton ita kaɗai ke ɗauke da ƙauyen nan a zuciya, ki bari ta san jikarta ma ba ta manta ba. Allah ya ba ki ƙarfin hali, ya zaunar da ƙasarku lafiya, ya sa Dada ta koma gida da ƙafarta a ranar da ba tsoro.