Rabin Maganin Kaka a Laburare

Zuwa ga Gwaggona Lauya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, amin. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma shago, Auta kuma ya fara rarrafe, ba abin da yake bari a ƙasa. Ni dai jarrabawa ta matso, amma in na buɗe littafi hankalina ba ya zama, shi ya sa na ce bari in rubuto miki.

Gwaggo, maganar Kaka ce. Laburaren unguwarmu ya fara naɗar muryoyin tsofaffi don kada saninsu ya bi su kabari, ni ce kuma na lallashe ta ta je. Aka zaunar da ita a ƙaramin ɗakin nan na bayan kantocin littattafai, aka kashe fanka saboda ƙara, ta yi ta bayani a kan saiwoyi da sassaƙe tana gumi. Har tsokanar mai laburare ta yi, wai ya aure ta tunda ya iya sauraro ba ya katse mace. Na dawo gida ina murna. Sai shekaranjiya muna shanya ganye take gaya mini, ko a jikinta, cewa kowane magani ta rage masa abu guda, domin haka aka koya mata: ba a ba baƙo magani cikakke sai ya zauna gaban turmi an ga hankalinsa. A jiƙon tarin yara kuwa, abin da ta rage shi ne ganyen da ke karya ƙarfin saiwar da ke ciki don kada ta cutar da yaro. Na tambaye ta in wata uwa ta ji ta jiƙa haka fa? Ta ce ai mai hankali zai zo ya tambaya. Gwaggo, Kaka ta ɗauka muryar a aljihun mai laburare za ta zauna. Ba ta san ranar Alhamis za a sa ta a kwamfutocin zaure kowa ya ji, daga baya a ɗora a intanet ba.

Jiya na daure na je laburaren. Mai laburare ya saurare ni, sannan ya kira lauyan hukumarsu ta bidiyo. Lauyan yana cikin mota, hoton na tsayawa yana tafiya. Ya ce Kaka ta amince da bakinta a farkon naɗin, ya ma saurari wurin a wayarsa, saboda haka ba za a janye ba sai wani lauya ya nema a madadinta. Na so in ce maganar ran yaro ake yi, amma kafin in faɗa ya kashe kiran. Na roƙi Kaka ta koma ta cike, ta ce na'ura ba ta ganin idon yaro balle ta san awonsa. Baba ya ce in bar manya da abinsu. To, magana zarar bunu ce, kuma ni na kai ta inda aka zare.

Na san aiki ya yi miki yawa, Baba ya ce har shari'a kike yi ta kwamfuta daga ofis. Don Allah ki aika wa lauyan nan saƙo a dakatar, ko a cire wurin jiƙon kawai, sauran su tsaya, don ba na so muryar Kaka ta ɓata. Ki kuma kira ta, ke tana jin maganarki. In saƙonki bai iso ba kafin Alhamis, na riga na nemi izinin Mama: daga makaranta zan wuce laburare in zauna kusa da kwamfutocin, duk wanda ya sa abin ji a kunne in taɓa shi in ce kada ya jiƙa. Ban san yadda zan iya yi wa baƙi magana ba, amma zan yi.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Yaya Babba, da 'Yan Biyu. Mama da Baba suna gaisuwa. Kaka ma ta ce a gaishe ki, ba ta san na rubuto ba.

Taki 'yar,
'Yar wanki